Tsofaffin jiragen roba na haɗawa: a yi musu kayan ƙari ko a haɗa su yadda suka zo?

Dan_Fiffike: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. Akwai B-17G, jirgin jefa bam na Amurka a yaƙin duniya na biyu, na kamfanin Monogram a hannuna, ma'auni 1/48, tsohon kwali. Na gwada rabi da rabin gangar jikin ba tare da gam ba, sun zauna ba laifi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne layukan jikinsa, masu nuna haɗin farantan jirgin, duk masu tudu ne, ba irin na kit ɗin zamani masu rami ba, gilasan kuma da kauri. Na leƙa intanet na tarar da kayan ƙari jibgi: injinan rezin (wani sinadari da ake zubawa ya daskare ya yi tauri), tayoyi, bakin bindigogi na tagulla, bel ɗin kujera, har da kayan ɗakin matuƙi. Da na haɗa lissafi sai kuɗinsu ya zarce na kit ɗin nesa ba kusa ba. To tsohon kit ya cancanci wannan ɗawainiya? In goge layukan in sake zana su, ko in haɗa shi yadda ya zo in huta? Sannan akwai wani ƙarami na 1/72, ba sai na faɗi kamfani ba, shi kam fiffikensa ɗaya ya lanƙwashe, robar ta tumbatsa a gefen kowane yanki, sitikarsa ta yi rawaya. Shi ma ina neman shawara.

Baba_Tanko: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka taɓa layukan nan. Wannan kit ya fito a 1975, kuma har yau idan aka haɗa shi da kyau aka ajiye, kowa ya gani ya san B-17 ne. Siffarsa daidai take, ita ce kuma abin da ba a sayowa a leda. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka haɗa abinka, ka ba gilasai da layin haɗi haƙƙinsu, shi ke nan.

Mai_Reza: Baba, ku yi haƙuri, ni ban yarda ba. Jirgi mai faɗin fiffike kusan santimita 66 a wannan ma'auni ba ya ɓoye komai. Layin haɗin gangar jikin ya bi ta sama daga hanci har wutsiya. Da zarar an sa fila, wato abin cike gurbi, an bi da samfefa, layukan tudun da ke kusa sun tafi. Sai ka samu gefe da gefe akwai layi, tsakiya kuma sumul. Tunda dole wasu za su ɓace, gara a goge duka a zana masu rami, aiki ya zama iri ɗaya.

Baba_Tanko: Ka taɓa zana jirgi mai inji huɗu gaba ɗayansa? Ina tambaya ne kawai.

Mai_Reza: Mai inji biyu na yi, Baba. Na sani, aiki ne.

Injiniya_Bala: Kafin a yi nisa, a tambayi jirgin gaskiya tukuna. B-17 ba sumul yake ba. Farantan alminiyon jikinsa a wurare da dama hawa juna suke yi, gefen wannan a kan gefen wancan, kuma gangar jikin cike take da ribiti masu kai a waje. Saboda haka layi mai tudu bai fi layi mai rami nisa da gaskiya ba, dukansu kwaikwayo ne. Ku yi lissafi: layi mai faɗin milimita 0.2 a ma'auni 1/72 yana nufin kusan milimita 14 a jirgin gaske. A 1/48 kusan milimita 10 ne. Wane jirgi ne zai tashi da ramin santimita guda tsakanin farantansa? Abin da ya sa muke son masu rami shi ne suna riƙe baƙin ruwan fentin da ake zubawa don layi ya fito, kuma ba sa gogewa da sauƙi. Dalili ne na mai fenti, ba na maƙerin jirgi ba.

Zarah48: Injiniya ya gama magana. Ni ma haka nake gani. @Mai_Reza, layin da samfefa ta cinye ana iya mayar da shi. Ka ɗauki guntun reshen robar da sassan ke maƙale a jikinsa, ka riƙe shi sama da harshen kyandir yana juyawa har ya yi laushi, ka janye shi daga wuta ka ja a hankali. Zai miƙe ya zama zare siriri. Ka yanka daidai tsawon da ya ɓace, ka ɗora, ka taɓa shi da gam mai ruwa irin Tamiya Extra Thin, kaɗan ƙwarai. Idan ya bushe ka shafa shi da samfefa mai laushi har tsayinsa ya zo ɗaya da na asali. Wata dabarar kuma, ka bi wurin da sabuwar wuƙa sau ɗaya, a ɗan karkace. Bakin wuƙar yana tayar da ɗan tudu a gefen yankan, bayan fenti ba mai ganewa. Kuma tun farko ka manna tef a gefe biyu na layin haɗin, ka bar 'yar tazara, samfefar ba za ta ci abin da ba ruwanta ba.

Dan_Fiffike: Yaya Zarah na gode, wannan ta tef ɗin ban san ta ba.

Sabon_Shiga: Ni sabo ne amma na karanta cewa a tuna a sa dalma a hancin jirgi kafin a rufe gangar jiki, kada ya zauna a kan wutsiya.

Garba_Farfela: Ƙanena, shawarar daidai ce amma ba ga wannan jirgi ba. B-17 dama a kan wutsiya yake zama, ƙaramar tayarsa a baya take. Masu taya a hanci su ne ke buƙatar nauyi, irin B-24 da B-25 da B-29. Ka riƙe ta dai, za ta yi maka amfani nan gaba.

Kawu_Sule: Bari in shigo da batun da aka tsallake. Idan aka ce tsohon kit, tsufa iri biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su. Akwai tsufan zane, wato shekarar da aka sassaƙa mazubin ƙarfen. Akwai kuma tsufan mazubin kansa, wato yawan zubin da aka yi da shi. Kit ɗin da aka zuba a shekarunsa na farko yakan fito tsaf, gefuna a tsaye, komai ya zauna. Wannan mazubin dai, bayan shekaru talatin ko arba'in yana aiki yana yawo daga kamfani zuwa kamfani, bakinsa ya saki, roba tana tsiyaya ta tsakanin rabi biyun, shi ne tumbatsar da Dan_Fiffike ya gani a ƙaramin nasa. Don haka sau da yawa kwalin da ya tsufa ya fi sabon kwali kyawun roba, sabon kuma ya fi shi kyawun sitika.

Misali mafi shahara shi ne FROG ta Ingila. Su ne suka fara fitar da jiragen roba na haɗawa na 1/72 tun 1936 da sunan Penguin. Kamfanin ya rufe a 1976, aka sayar da yawancin mazubansa ga Tarayyar Sobiyet, suka fito da sunan Novo. Na jiragen Jamus da ƙawayenta na yaƙin duniya na biyu Sobiyet ba su karɓa ba, Revell ce ta ɗauka. Daga nan mazuban suka watsu a masana'antu daban-daban, har yau kana iya sayen kwali mai sabon hoto da sabon suna, ka buɗe ka tarar da zanen shekarun 1960. Shi ya sa kafin in sayi kowane kit sai na duba shafin intanet na Scalemates, a nan ake jera tarihin kowane mazubi, shekarar da ya fara fita da duk kwalayen da ya shiga.

Ummi_Fenti: Kawu, Airfix dai sun kyauta a nan. Tsofaffin nasu da suke sake fitarwa a jerin Vintage Classics suna rubuta shekarar mazubin a jikin kwali, da tsohon hoton kwalin, galibi zanen Roy Cross. Mai saye ya san abin da ya saya.

Kawu_Sule: Haka ne 'yata. Atlantis ma a Amurka tsofaffin mazuban Revell da Monogram da Aurora take aiki da su, kuma ba ta ɓoye cewa na da ne.

Mai_Reza: To amma ai wannan tarihin bai amsa tambayar ba. Mutum ya ce kuɗin kayan ƙari ya fi na kit. Ni a ganina idan har za ka kashe wannan kuɗin, ka sayi sabon B-17G na HK Models a 1/48 kawai, layukansa masu rami, cikinsa a cike. Ko ka zana tsohon da hannunka, ko ka sayi sabo. Tsakiyar nan ta ɗora rezin a kan tsohuwar roba ita ce asara.

Garba_Farfela: A wannan gaɓar kam ina tare da kai, amma da dalilina. Yawancin kayan rezin da na bugun 3D da ake yi yanzu, an auna su ne da sababbin kit. Ka ga an rubuta B-17 ko Spitfire a leda ka ɗauka ko'ina zai shiga, alhali faɗin cikin gangar jiki ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Na taɓa sayen ɗakin matuƙi na rezin daga wani kamfani, an ma rubuta sunan kit ɗin da nake haɗawa a jikinsa, amma sai da na kankare bangon ciki har haske yana ratsa robar kafin rabi biyun su rufe. Tsohuwar roba da kauri take, masu yin rezin kuma suna zaton za ka rage ta. Duk wanda zai saya ya karanta da kyau, a ga sunan kamfanin kit ɗin, ba sunan jirgin kaɗai ba.

Hajiya_Buroshi: Kuma a faɗa wa sababbi gaskiya game da rezin. Gam ɗin roba ba ya kama shi, domin shi narkar da roba yake yi ta haɗe da 'yar uwarta, rezin kuwa ba ya narkewa da shi. Sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu. Ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu. A yanka shi da ƙaramin zarto a jiƙe, a goge shi da samfefa a cikin ruwa, a rufe hanci. Ba wasa nake ba.

Game da tambayar Dan_Fiffike, ni ƙa'idata ɗaya ce: me ido zai gani bayan an rufe jirgin? Monogram sun yi ƙoƙari sosai a cikin wannan B-17, akwai ɗakin matuƙi, wurin mai jefa bam a hanci, ɗakin rediyo, wurin 'yan bindiga. Ka zauna ka yi musu fenti mai kyau, ka rufe, sai ka leƙa ta taga ka ga kashi ɗan kaɗan. Idan ka zuba kayan tagulla na kamfanin Eduard a ɗakin rediyo, kai kaɗai ka san tana nan. Hancin ne kawai ke da babban gilashi, a nan ƙoƙari ke fitowa. Abin da zan saya ba tare da dogon tunani ba shi ne bakin bindigogi, irin na Master da ake yi a Folan. B-17G na ɗauke da bindigogi har 13, a waje suke kowa na gani, na roba kuma karyewa suke tun kafin ka gama fenti. Sai tef ɗin rufe gilasai da aka riga aka yanka, don tagogin jirgin nan suna da yawa. Sai sabuwar sitika. Sauran, a hannu.

Sabon_Shiga: Hajiya, bel ɗin kujera fa? Na ga na tagulla sun yi kyau a hoto.

Hajiya_Buroshi: Ka yanka tef ɗin takarda siriri, ka yi masa fenti, ka lanƙwasa siririyar waya ta zama maɗauri. Ta bayan gilashi ba mai bambance su. Wayoyin inji ma haka, silin waya daga tsohuwar kebul ya isa. Injin Wright Cyclone silinda tara ne a jere ɗaya, ta gaba kawai ake ganinsa, farfela ta rufe rabi.

Injiniya_Bala: Tunda an zo kan sitika, akwai tarko. Kit ɗin Monogram na asali B-17G ne na farko-farko: tagogin 'yan bindigar kugu suna fuskantar juna, ba a goce ɗaya gaba ba, kuma mazaunin ɗan bindigar wutsiya tsohon samfuri ne, ba irin na Cheyenne da aka koma yi daga baya ba. Idan ka sayi sitikar jirgin da aka ƙera a ƙarshen yaƙi, jikin ba zai dace da lambar ba. Ka nemi hoton ainihin jirgin da kake so, ka dubi kugu da wutsiya kafin ka biya. Sannan ka yanke shawarar launi tun yanzu. Na farkon sun fito da fentin kore mai duhu a sama da toka a ƙasa, daga farkon 1944 aka daina yi musu fenti suka riƙa fita da farin alminiyonsu. Ga tsohon kit da za a sha fila da samfefa, koren ya fi rufin asiri. Fentin azurfa kowane ƙarce yana nunawa.

Dan_Fiffike: Kai, Injiniya, Allah ya saka. Azurfar nake niyya da. Yanzu na fara tunani.

Zarah48: Azurfar ma tana yiwuwa, sai dai ka sa fentin ƙasa mai cike ƙarce irin Mr. Surfacer 1000 ko 1200 tukuna, ka goge ya yi santsi, ka duba a ƙarƙashin fitila, ka maimaita inda ya rage. Haƙuri kawai take ci.

Baba_Tanko: Ku yaran yanzu kuna da gata. Lokacin da muka fara, ɗakin matuƙi turaku biyu ne a jikin bango, ka ɗora ɗan mutum a kai, an gama. Wasu kit ɗin na shekarun 1950 har alamar ƙasa da lambobi an zubo su da tudu a jikin robar, don yaro ya bi da buroshi. Revell kuwa a lokacin ma'auninsu na kwali ne, a rage jirgi har ya shiga kwalin da ake da shi, shi ya sa za ka ga ma'auni da ba ya tafiya da na kowa. Monogram suna yin Avenger da fiffike mai naɗewa, Dauntless mai sakin bam. Rabin abin wasa ne, rabin samfuri. Irin waɗannan idan ka ce za ka mayar da su na gasa, ka kashe abin da ya sa suke da daɗi, kuma ba za su kamo na zamani ba. Amma B-17 ɗin 1975 ba ya cikinsu, shi lokacin da kamfanin ya balaga ne. A cikin kwalinsa har akwai takardar Shep Paine, shahararren mai haɗa samfuri, mai nuna yadda ake gina fage a ɗora jirgin. Ɗana, idan takardar na cikin naka, ka adana ta.

Dan_Fiffike: Tana nan Baba, ta ɗan yi duhu amma lafiyarta ƙalau.

Ummi_Fenti: An manta da ƙaramin na 1/72 fa. Fiffiken da ya lanƙwashe: ruwan zafi, amma ba mai tafasa ba, don robar nan wajen digiri 100 take sakin jiki gaba ɗaya, idan ta narke ba gyara. Ka tsoma yankin na ɗan lokaci, ka fito da shi ka miƙe a hankali, ka danne a kan abu mai shafe kamar gilashi, ka zuba masa ruwan sanyi yana danne. Gara ka maimaita da ruwa mai sauƙin zafi da ka yi sau ɗaya da mai ƙuna. Idan fiffiken sama da ƙasa ne, wani lokacin haɗa su kaɗai yana miƙar da su, musamman idan ka sa siririn bututun tagulla a ciki ka ɗaure su a kan katako har gam ya bushe.

Sitika kuma, rawayar daga tsohon gam ɗin takardar take. Ka sa ta a leda ka manna a taga tana kallon rana, a hankali za ta washe, amma ka kula kada raɓa ta shiga. Matsalar da ta fi rawaya ita ce farfashewa a ruwa. Ka fara gwadawa da wadda ba ka buƙata. Idan ta tarwatse, ka shafa wa sauran Liquid Decal Film na Microscale, ya bushe, sannan ka yanka kowace a bakin zanenta domin yanzu duk sun zama fata ɗaya. A ɗora a kan fenti mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa ta yi fari-fari.

Garba_Farfela: Ƙari a kan na Ummi: tsohuwar roba tana yin gautsi, musamman gilasai. Kada ka cire gilashi daga reshe da almakashin yanka, tsagewa zai yi ta shiga ciki. Zarto siriri, a hankali. Kuma ka wanke sassan da ruwa da sabulu kafin komai, akwai maiƙon mazubi da ƙurar shekaru.

Kawu_Sule: Gilashi dai shi ne inda tsohon kit ke tona kansa. Hanya biyu ce. Ko ka gyara na cikin kwali: samfefa daga mai ɗan kaushi zuwa mafi laushi, a goge da man sheƙi, a tsoma a ruwan ƙyallin daɓe irin Future ko Klear, a rufe shi ya bushe ba ƙura. Ko ka sayi siririn da ake yi da zafi da zuƙar iska, irin na Falcon ta Niyu Zilan da na Squadron. Waɗannan kamar ba komai a wurin, ana ganin ciki tar, sai dai yanke su daga farantinsu yana son sabuwar reza da natsuwa. Kuma idan ka sa su, to ka jawo wa kanka aiki, domin yanzu duk abin da Hajiya ta ce ba a gani za a gan shi. Kada sufa gulu ta kusanci gilashi, tururinta yana sa shi hazo. Farin gam na katako ya isa.

Mai_Reza: Kun ga abin da nake faɗa ke nan. Ruwan zafi, rana, zare, goge gilashi. Duk wannan wahalar don a kai inda sabon kit yake farawa.

Zarah48: Malam, kai da ka ce a zana jirgi mai inji huɗu daga hanci zuwa wutsiya, kai ne ke kukan wahala?

Mai_Reza: Wahalar da ke canza kamannin jirgi daban, ta ceto daban. Kuma zanen ba tsafi ba ne. Tef ɗin Dymo mai kauri a matsayin jagora, allura a maƙale a mariƙi, ka bi tsohon layin kafin ka goge shi, jan farko da sauƙi kamar ba ka taɓa ba, sannan ka ƙara. Inda hannu ya goce ka cike da sufa gulu ka goge da wuri, don idan ta kwana ta fi robar tauri. Esci da Hasegawa tun shekarun 1980 suka nuna yadda layi siriri mai rami ke ƙawata jirgi, ba yau aka fara ba.

Baba_Tanko: Idan rami kake so, ga Matchbox nan. Sun fara a 1973, roba launi biyu ko uku, ramukan layin wasu kit ɗinsu har ana yi musu ba'a da cewa mai haƙa lambatu ne ya zana. Su kuma cikewa ake yi. To wanne ne daidai?

Kawu_Sule: Amma Yaya Tanko, a yi musu adalci. Su suka fitar da Heyford da Stranraer a 1/72, jiragen da manyan kamfanoni suka daɗe ba su waiwaya ba. Wannan ma wani dalili ne na riƙe tsofaffi: wani jirgin idan ba tsohon kit ba, ba ka da shi. A irin wannan hali kayan ƙari da farantin roba na Evergreen da filar Milliput sun zama dole, ba ado ba. Spitfire ko Mustang kuwa, da kowane kamfani ya sake yi, zuba kuɗi a na da sai don ƙauna. Airfix kansu sun yi Spitfire na 1/24 a 1970, suka dawo a 2022 da sabon mazubi na Mk.IXc.

Injiniya_Bala: Spitfire ta tuna min batun ribiti. Lokacin gwajin samfurin farko, K5054, an manna ɓarin busasshen wake a kan ribitinsa masu shafe don a ga gudun da za a rasa idan aka yi amfani da masu kai, waɗanda suka fi sauƙin ƙerawa. Daga sakamakon aka san inda za a bar masu shafe da inda masu kai ba za su cutar ba. Wato ko a jirgi ɗaya ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Tsofaffin kit na 1/72 da aka yayyafa wa ribiti daga kai har ƙafa sun wuce gona da iri, a nan ina goyon bayan a bi su da samfefa a rage tsayinsu, ba a share ba.

Sabon_Shiga: To ni da ban taɓa gama ko ɗaya ba, in fara da tsoho ko sabo?

Hajiya_Buroshi: Sabo mai sauƙi tukuna, ka ɗanɗani gamawa. Na biyu ka ɗauki tsoho, shi zai koya maka fila da samfefa.

Garba_Farfela: Ni akasin haka zan ce. Sassan tsoho kaɗan ne, ba ka jin tsoron ɓata shi. Sababbin nan wasu ɗakin matuƙi kaɗai ya fi tsohon kit gaba ɗaya yawan sassa, kuma an matse su har kaurin fenti yana hana su zama.

Dan_Fiffike: Na gode ƙwarai, manya da ƙanana. Ga inda na tsaya a yanzu: B-17 zan bar masa layukansa, in gwada zaren Yaya Zarah a sama, in sayi bindigogi da tef ɗin gilasai da sitikar jirgin farko-farko mai kore. Ƙaramin kuma shi zan miƙa wa allura, in gwada zanen Malam Mai_Reza a kansa, idan hannuna ya iya sai a ga na gaba. Tayoyi ne ban yanke ba.

Mai_Reza: Ka fara da ƙasan fiffike, inda ba a gani. Kuma ina nan a kan bakana, za ka dawo ka ce da ka zana babban.

Ummi_Fenti: Tayoyi ka sayi na rezin idan ka samu waɗanda aka yi don Monogram, zanen tayar roba yana ɓacewa wajen goge layin tsakiya. In ba ka samu ba, ka ɗan goge ƙasan na kwalin ya yi shafe, jirgin ya nuna nauyi. Amma sai bayan ka manna ƙafafun ka ga inda tayar ke taɓa ƙasa.

Zarah48: Kawu Sule, tambaya a gefe: kit ɗin da suka zo da tayoyin baƙar roba mai laushi, gaskiya ne tana cin filastik?

Kawu_Sule: Wasu suna yi. Sinadarin da ke sa tayar laushi yana fita a hankali ya narkar da inda ya taɓa, har a cikin kwali idan sun daɗe a manne da wani yanki. Ki raba su a leda daban tun yanzu, in kin zo haɗawa ki yi wa bakin wilin fenti sosai ko ki naɗa masa siririn farantin alminiyo kafin ki sa tayar.